Tarihin Rarrabe Bakteriya da Siffarsu

Tun ba a san abincin bakteriya ko cutar da suke haddasawa ba, siffarsu ido ya fara kamawa. A Satumban 1683, Antonie van Leeuwenhoek, mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ya kankaro dauɗar haƙoransa ya duba a madubin ƙara girma da ya haɗa da hannunsa. Zanen da ya aika wa masana a Landan ya nuna 'yan sanduna, da dunƙulallu ƙanana, da wani murɗaɗɗe. Har gobe da waɗannan ukun ake fara karantar da ɗalibi.

A 1872 Ferdinand Cohn, masanin tsirrai a Breslau, ya kasa bakteriya gida huɗu: dunƙulallu, gajerun sanduna, dogaye kamar zare, da murɗaɗɗu. Ba a karɓa salin-alin ba. Carl von Nägeli ya dage cewa waɗannan halittu rikiɗa suke yi daga wannan kama zuwa waccan. Gardamar ba ƙarama ba ce, domin da gaskiyarsa, da ba a isa a ɗora alhakin wata cuta a kan ƙwaya takamaimiya ba. Robert Koch ne ya raba gardama, da ya riƙa renon iri guda shi kaɗai, aka ga kowanne irinsa yake haifa. Ya gano sandar tarin fuka a 1882, sannan a 1884 a Kalkata ya siffanta ƙwayar kwalara mai lanƙwasa kamar waƙafi.

Akwai masu ganin wannan rabo ya tsufa, tunda binciken da Carl Woese ya buɗe a 1977 ya nuna cewa a ƙwayoyin gado ake gane dangantaka, kuma sanduna biyu na iya kasancewa ba su haɗa dangi na kusa ba. Gaskiya ne, kama da wane ba ta wane. Amma abin da wannan ya rushe shi ne ɗaukar siffa a matsayin asali. Bai taɓa hujjar Cohn ba, cewa siffa gadonta ake yi. Bangon ƙwaya ne kuwa ke riƙe ta. Shi ya sa take aiki a asibiti. Anton Weichselbaum ya gano ƙwayar sanƙarau a Biyana a 1887, kuma a lokacin zafi, ma'aikacin ɗakin gwaji a Kano ko Damagaram da ya rina ruwan ƙashin baya ya hango dunƙulallu bibbiyu, suna fuskantar juna kamar ƙwayar wake, zai sanar da likita nan take, tun kafin sakamakon reno ya fito.