Umaru Ɗanjuma Katsina (Kasagi) da Gadon Wasan Dandali a Ƙasar Katsina

Kafin zuwan rediyo da talabijin, mutanen tsakiyar ƙasar Katsina suna da nasu wasannin kwaikwayo. A gundumar Dutsin-Ma, ƙasar 'Yanɗakan Katsina, da gundumar Kurfi, ƙasar Maraɗin Katsina, kamar sauran ƙasar Hausa, da zarar an kawar da amfanin gona sai samari su shirya kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogaransu, su yi ta yanke shari'ar wasa a bainar jama'a. Da azumi kuma yara su fita tashe, ga 'yan kama masu kwaikwayon malamai suna wa'azin tuwo da miya. Duk waɗannan wasanni hanyarsu ɗaya ce, wato a sa mutum dariya, kafin ya rufe baki ya gane cewa da shi ake. A kan wannan hanya marigayi Umaru Ɗanjuma Katsina ya gina sana'arsa.

Shi ɗan wasa ne kuma marubuci, abin da ba kasafai ake samu ga mutum ɗaya ba. Sunan Kasagi, wanda ya samu daga wasa, ya bi shi har ya kusa danne sunansa na yanka, kamar yadda ya faru ga takwarorinsa na wancan zamani, irin su Usman Baba Pategi da kowa ke kira Samanja. Tsararsu, har da Ƙasimu Yero, sun tashi ne lokacin da Kaduna take cibiyar wasan kwaikwayon Hausa na zamani, kuma lokacin da Katsina take cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Sun tarar da rubutaccen wasa ya riga ya kafu, tun daga Wasan Marafa na Abubakar Tunau zuwa Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Muhammad Sada.

Wanda yake son sanin ra'ayin Kasagi game da wannan sana'a, ya duba littafinsa Kulɓa Na Ɓarna, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1979. Sunan rabin karin magana ne, sauran rabin yana nuna cewa jaba ake ɗora wa laifin. Kulɓa sumul take, tana ƙyalli, ba mai zarginta. Jaba kuwa warinta da dogon bakinta sun isa su sa a kama ta ko ba ta taɓa kome ba. A cikin wasan, wani attajiri, Alhaji Ruwan Ido, shi ne ya yi amfani da dukiyarsa ya ruɗi Zaliha 'yar makaranta, ya ɓata mata rayuwa.

Sai an tuna da shekarun da aka rubuta wasan za a ga nauyinsa. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya zuba kuɗi a hannun ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, sannan a 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, wanda ya kai 'ya'ya mata da yawa aji, har a ƙauyuka. Iyaye da dama suna ɗari-ɗari, kuma duk yarinyar da ta lalace sai a ce boko ne ya lalata ta. A ganina, a nan ne marubucin ya nuna jarumtaka. Bai wanke yarinyar daga kwaɗayi ba, amma ya ɗaga yatsa ya nuna mai babbar riga da mota, mutumin da ake durƙusa wa a gaishe shi a ƙofar gida. A garin da ake jin nauyin masu hali, faɗar wannan magana da fatar baki tana iya jawo wa mutum fushin manya. A bakin ɗan wasa kuwa sai ta wuce, domin an ce wasa ne. Wannan kariya ita ce dai wadda sarkin kalankuwa yake fakewa da ita idan ya kwaikwayi hakimi.

Akwai kuma abin da rubutu ba ya iya riƙewa. Ɗan wasan dandamali yana aiki ne da numfashin 'yan kallo. Idan ya jefa magana aka fashe da dariya, dole ya dakata har ta lafa, in ba haka ba magana ta gaba ta ɓace. Idan ya ji wuri ya yi tsit, ya san ta shiga. Bahaushe kuwa ba ya kallo baki rufe. Yakan yi wa mugu tsawa daga inda yake zaune, ya gargaɗi yarinya kada ta shiga motar. Shi ya sa wasa ɗaya ba ya fita iri ɗaya a dare biyu, kuma ɗalibin da ya karanta littafin a aji kawai, rabin wasan ya gani.

A farkon shekarun 1990 Hukumar Fina-finai ta Nijeriya ta mayar da Kulɓa Na Ɓarna fim, Brendan Shehu ya ba da umarni. A daidai wannan lokaci ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, a 1990, kuma daga nan 'yan wasa suka fara barin dandamali suna komawa gaban kyamara, inda ba mai dariya sai bayan an gama ɗauka.