Koyon Japananci: Inda Bahaushe ke da sa'a, da inda harshen ke ɗana masa tarko

A ranar 21 ga Agustan 2025, a gefen taron TICAD karo na 9 a Yokohama, hukumar JICA mai kula da ayyukan raya ƙasashe ta Japan ta haɗa biranen ƙasar huɗu da ƙasashen Afirka huɗu. Kisarazu, wanda ya karɓi tawagar Najeriya lokacin gasar Olamfik ta Tokyo, shi ne rabon Najeriya. Washegari fadar shugaban ƙasa ta sanar da cewa Japan za ta buɗe wa matasan Najeriya biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta musanta, masu ƙin baƙi a can suka yi ca, kuma a ranar 25 ga Satumba shugaban JICA, Akihiko Tanaka, ya soke shirin.

Sunan shirin na ɗauke da kalmar Ingilishi "hometown", wadda Japanawa suka ara suke furtawa "hoomutaun". A bakinsu, ita ake amfani da ita ga garin da ƙungiyar ƙwallo ta kafa tushe. Garin da aka binne cibiyar mutum kuwa "furusato" suke ce masa. Maganar biza ba ta cikin ko ɗaya daga cikin kalmomin nan, saboda haka alhakinta na wuyan waɗanda suka rubuta sanarwar. Sai dai kuma ta samu shiga ne saboda ƙalilan ne a nan ke iya karanta abin da Japan ta faɗa da harshenta.

Harshen bai yi wa matashin Ungogo nisan da ake zato ba. Riɗin da ake tarawa a Dawanau, a Dawakin Tofa mai maƙwabtaka, Japan na cikin manyan masu sayensa, kuma ƙungiyar Sasakawa ta Japan tana aiki da manoman Arewa tun 1992. Sunan riɗi ma da Japananci "goma" ne.

Furuci

A nan ne Bahaushe ya fi Bature sa'a. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, daidai da na Hausa, kuma tsawon wasali na sauya ma'ana. "Obasan" gwaggo ce ko inna, "obaasan" kuwa kaka. Wanda ya tashi yana rarrabe garin Kano da garin tuwo ba ya buƙatar a koya wa kunnensa wannan. Haka ninka baƙi: "kite" na nufin zo, "kitte" kan sarki na wasiƙa, kamar dai bambancin daba da dabba.

Akwai karin sauti kuma. A karin harshen Tokyo, "hashi" idan an fara da sama aka sauka, tsinken cin abinci ne, idan an fara da ƙasa aka hau, gada ce. "Ame" ruwan sama ne ko alewa, gwargwadon inda murya ta hau. Mai cewa kukan yaro da miyar kuka ya riga ya san dokar, kuma kamar a Hausa, rubutun yau da kullum ba ya nuna ta. Hatta "f" ɗin da ke sunan dutsen Fuji da leɓɓa biyu ake hura ta, irin ta Bakano.

Tarkon yana cikin "tsu". Tsamiya da tsuntsu na Hausa da maƙogwaro a rufe ake tunkuɗo su. Na Japananci "t" ce da "s" a haɗe, ba tunkuɗa. Sannan "u" na ƙarshen "desu" kusan haɗiye shi ake yi. Sai kalmomin da ke kama da na gida: "kusa" ciyawa ce, "kasa" laima, "baka" kuwa zagi ne, ma'anarsa wawa.

Ginin jimla

Aikatau a ƙarshe yake zuwa. "Musa wa goma o kaimasu" na nufin Musa zai sayi riɗi, amma jerin kalmomin shi ne Musa, riɗi, saya. Ƙananan kalmomin da ke bin suna a baya su ke nuna aikinsa: "o" na nuna abin da aka saya, "ni" inda aka nufa, "de" inda aka yi abu. Tunda korewa ma a jikin aikatau take, sai jimla ta ƙare ake sanin an saya ne ko ba a saya ba.

Tambayar da ta fi damun masu koyo a ko'ina ita ce bambancin "wa" da "ga". Littattafan Ingilishi kan cinye shafuka a kai, alhali Hausa na da mabuɗinta. "Musa wa gakusei desu" daidai yake da cewa Musa dai ɗalibi ne. "Musa ga gakusei desu" kuwa, Musa ne ɗalibin, ba wani ba. "Wa" na aikin "dai" ko "kuwa", tana ajiye wanda ake magana a kansa a gefe, sannan a faɗi labarinsa. "Ga" a irin wannan jimla na aikin "ne" ko "ce" mai ware mutum daga sauran. Ma'aunin bai rufe duk amfanin "ga" ba, amma ya kai mai koyo fiye da rabin hanya.

Babu jinsi a suna, kuma galibi babu jam'i. Ramuwar wannan sauƙi tana wajen ƙirga, domin kowane irin abu da ɗafinsa: "mai" ga abu mai faɗi kamar takarda, "hon" ga dogo kamar rake, "nin" ga mutane.

Abin da ake faɗa da abin da ake nufi

"Hai" ba koyaushe take nufin amincewa ba. Sau da yawa "to" ce kawai, wato ina jinka. Ɗan kasuwar da ya ji "kentoo shimasu", ma'ana za mu duba, kada ya yi saurin ɗaure buhu, domin sau da dama hanya ce ta ƙi cikin ladabi, irin "sai na yi shawara" ta gida. "Chotto", wato ɗan kaɗan, idan aka ja ta aka yi shiru, a'a ce. Amsar tambaya mai korewa ma irin ta Hausa ce: ba ka ci ba? "Hai", wato e, ban ci ba.

Ƙamus zai ce "anata" na nufin kai ko ke, amma ba a cika faɗa wa na gaba ita ba. Sunansa ake kira a ƙara "san", ko muƙaminsa, kuma mutum ba ya sa wa kansa "san". Harshen girmamawa, "keigo", har aikatau yake sauyawa: ci na kowa "taberu" ne, na babban baƙo "meshiagaru", na mai ƙanƙan da kai "itadaku". Wanda ya san alkunya da gaisuwar fada ba zai ga baƙon abu ba, sai a wuri ɗaya. Bahaushe na ɗaukaka maigidansa a gaban kowa. Ma'aikacin Japan kuwa, idan yana magana da baƙon kamfani, zai kira shugabansa da tsurar suna, domin a gaban na waje shugaban ma ɗan gida ne.

Rubutu da jarrabawa

A rubutu babu gatan da Hausa ta bayar. Hiragana na da alamomi 46, katakana, wadda ake rubuta kalmomin aro da ita, ma 46, kuma ana iya haddace su cikin makonni. Kanji, alamomin da aka aro daga Sin, su ne aikin shekaru. Jerin da gwamnati ta amince da shi a 2010 na da 2,136, kuma ɗan firamare a Japan yana koyon 1,026 cikin shekara shida.

Jarrabawar JLPT, wadda aka fara a 1984, na da matakai biyar, daga N5 na ƙasa zuwa N1. Bizar ƙwararrun ma'aikata da Japan ta buɗe a Afrilun 2019 na neman aƙalla N4 ko jarrabawar JFT-Basic, tare da cin gwajin sana'ar da za a yi, kuma yawancin ƙasashen da aka ƙulla yarjejeniya da su a kanta na Asiya ne. Tallafin karatu na gwamnatin Japan, MEXT, ofishin jakadancinta da ke Abuja ke tallata shi ya kuma tantance masu nema, babu dillali a tsakani.