Bugun zuciya a na'urorin motsa jiki na gida: yadda ake karanta lambar da ke kan allo

Keken motsa jiki na cikin ɗaki da na'urar tafiya a wuri ɗaya, yawancinsu suna zuwa da ɗan allo mai hoton zuciya da lamba a gefensa. Lambar ita ce yawan bugun zuciya a minti ɗaya, wanda ake taƙaitawa da haruffan BPM. Mutane da yawa sukan sa ido kan kilomita da kalori, su bar wannan lamba, alhali ita ce ta fi nuna irin aikin da jiki ke yi. Sai dai ba ta da amfani sai ga wanda ya san nasa ma'auni, ya kuma san ta wace hanya na'urar ke aunawa.

Hanyoyin aunawa uku

Hanya ta farko ita ce farantan ƙarfe da ke jikin mariƙi. Idan aka dafa su da hannu biyu, sukan ɗauki ɗan siginar lantarkin da zuciya ke fitarwa. Suna da sauƙi, amma sun fi sauran kuskure. Busasshen tafi, ko matsi da yawa, ko girgizar gudu, duk suna sa lambar ta riƙa tsalle.

Ta biyu ita ce ɗamarar ƙirji, wadda kamfanin Polar na ƙasar Finland ya fara fitarwa ba tare da waya ba a 1982. Tana zama kusa da zuciya, ta aika wa allo ko wayar hannu lamba ta Bluetooth ko ANT+. A cikin ukun ita ce mafi daidaito, musamman idan an ɗan jiƙa ta da ruwa kafin a ɗaura.

Ta uku ita ce agogon hannu, wanda ke haska koren haske cikin fata yana lura da kai-komon jini. Yana aiki sosai a tafiya mai tsari ɗaya, amma yakan makara idan an canza gudu farat ɗaya, ko kuma bai kama hannu da kyau ba.

Duk wanda ya yi shakkar na'urarsa, sai ya ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu, ya ƙirga bugu na daƙiƙa 30, ya ninka biyu.

Lambobi biyu da ya kamata a sani

Ta farko ita ce bugun hutu, wanda ake aunawa da safe kafin a sauko daga gado. Ga babban mutum yakan kasance tsakanin 60 da 100, ga ƴan wasa kuwa yakan yi ƙasa da haka.

Ta biyu ita ce ƙololuwar bugu, wato iyakar abin da zuciya za ta iya. Yawancin na'urori suna ƙiyasta ta ne da cire shekaru daga 220, shi ya sa suke tambayar shekaru kafin a fara. Ɗan shekara 40 zai samu 180. A 2001, Hirofumi Tanaka da abokan aikinsa a Amurka sun kawo wani lissafi: a ninka shekaru da 0.7, a cire daga 208. A shekara 40 duka biyun suna bayar da 180, amma a shekara 60 tsohon yana bayar da 160, sabon 166. Dukansu ƙiyasi ne. Mutum biyu tsara ɗaya suna iya bambanta da bugu 10 ko fiye.

Matakan ƙoƙari

Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ɗauki kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na ƙololuwa a matsayin matsakaicin motsa jiki, kashi 70 zuwa 85 kuma mai ƙarfi. Ga ɗan shekara 40, matsakaici ya kama daga 90 zuwa 126, mai ƙarfi daga 126 zuwa 153.

Akwai kuma lissafin Martti Karvonen na 1957, wanda ke la'akari da bugun hutu. Idan ƙololuwa 180 ce, hutu 70, tazararsu 110 ke nan. Rabinta 55, a tara da 70, a samu 125. Wannan hanya ta fi dacewa da kowa da yanayin jikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Mai farawa zai iya yin minti 30 sau biyar a mako: minti biyar a hankali don jiki ya ɗumama, minti 20 a matsakaicin mataki, minti biyar na saukowa. Ba a tsayawa kwatsam, domin jini na iya taruwa a ƙafafu a ji jiri.

Wasu na'urori suna da matakin da suke kira na ƙona kitse. Gaskiya ne a ƙaramin ƙoƙari kitse ya fi yawa cikin abin da jiki ke ƙonawa, amma rage ƙiba ya dogara ne ga jimillar abin da aka ƙona da abin da aka ci.

Abubuwan da ke canza lambar

Zafi da ƙarancin ruwa a jiki suna ɗaga bugu ko da ba a ƙara gudu ba. A Yamai, ko Marwa, ko Injamena, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, ɗakin da ba iska zai sa lambar ta hau da wuri. Idan haka ta faru sai a rage gudu, a sha ruwa. Mai azumi ya fi masa ya jira bayan buɗa-baki. Shayi mai ƙarfi, da kofi, da goro, da taba, da zazzaɓi, da rashin barci, su ma suna iya ɗaga bugu.

Wasu magungunan hawan jini da na zuciya, irin su atenolol da bisoprolol da propranolol, suna rage bugu. Mai shansu idan ya nace sai ya kai lambar da allo ya tsara masa, zai wahalar da kansa fiye da kima. Shi likita ne zai faɗa masa iyakarsa. Haka ma mai ciwon zuciya, da mai ciwon suga, da mace mai juna biyu.

Idan lamba da jiki suka saɓa

Akwai gwaji mai sauƙi. A matsakaicin mataki mutum yana iya magana amma ba ya iya waƙa. A mai ƙarfi, ba ya iya faɗin fiye da ƴan kalmomi sai ya ja numfashi. Idan allo ya nuna 110 alhali numfashi na neman yankewa, jiki za a bi.

A daina nan take, a nemi asibiti, idan aka ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko ciwon da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko bugu marar tsari.

Alamar ci gaba kuwa ana ganinta bayan makonni: bugun hutu ya sauka, gudun da a da ke kai mutum 140 ya koma kai shi 130, zuciya kuma ta riƙa saurin komawa daidai bayan an gama. Rubuta waɗannan lambobi sau ɗaya a mako a ɗan littafi ya isa a gane hakan, kuma zai taimaka wa likita ranar da aka je ganinsa.