Kuɗin rajista da wasiƙa: rawar dangi cikin karatun ƴan kason tsibirin Roben (1964-1989)

Duk wanda ya taɓa karanta tarihin yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu ya ci karo da laƙabin nan, «jami'ar tsibirin Roben». Ana nufin cewa ƴan siyasar da aka kulle a wannan tsibiri, da ke daura da birnin Kap, sun mai da gidan kaso makaranta. Ba mu musanta wannan ba. Abin da muke so mu nuna cikin wannan ɗan nazari shi ne, tushen wannan jami'a ba bisa tsibirin yake ba. Yana can ƙetaren ruwa, cikin gidajen uwaye da mata waɗanda marubuta tarihi ba su cika waiwaya ba.

Lokacin da aka kai Nelson Mandela da abokan shari'arsa ta Rivonia tsibirin, a watan Yuni na 1964, hukuma ba ta ɗauki karatu a matsayin haƙƙin ɗan kaso ba. Alfarma ce, ana bayarwa ana karɓewa. Wanda aka yarje wa yakan yi rajista ta hanyar wasiƙa, galibi a Jami'ar Afirka ta Kudu da aka fi sani da Unisa. Shi Mandela da Jami'ar Landan ya soma. Amma akwai sharaɗi guda wanda, a ganinmu, shi ne gundarin maganar: kuɗin rajista da na littattafai dole daga hannun dangi za su fito. An kuma hana ara wa wanda bai yi rajista ba littafi.

Mu dubi abin da wannan sharaɗi ke nufi. Mutumin da aka kulle, sau da yawa shi ne mai ciyar da gida. Ga shi kuma an ce gidan da aka raba da maigida shi zai biya masa lakwal. Matan ma ba a bar su suka sake ba. Albertina Sisulu da albashinta na ma'aikaciyar jinya ta riƙe gida, tana ƙarƙashin dokar taƙaita zirga-zirga tun 1964. Winnie Mandela an tsare ta a 1969 har kwana 491, a 1977 kuma aka kore ta zuwa garin Brandfort. Ke nan bambancin mai hali da maras hali, wanda waɗannan mutane ke yaƙa a waje, ya bi su har cikin kurkuku. Dikgang Moseneke, wanda aka yanke wa shekara 10 a 1963 yana ɗan shekara 15, ɗan malaman makaranta ne. A tsibirin ya ci jarrabawar ƙarshen sakandare, kwatankwacin bakaloriya wurinmu, ya ɗora da karatun jami'a, daga bisani ya zama mataimakin babban alƙalin ƙasa daga 2005 zuwa 2016. Ɗan leburan ma'adinai da ke kwana ɗaki guda da shi, ko da ya fi shi ƙwaƙwalwa, ba shi da mai biya masa.

Yaya gidajen talakawa suka yi ke nan? Wani sashe na amsar yana Landan. Asusun taimakon nan na IDAF, wanda limamin coci John Collins ya kafa, gwamnatin Pretoriya ta haramta shi a 1966. Sai ya sake dabara: aka samu mutane a ƙasashe daban-daban suna rubuto wa iyalan ƴan kaso wasiƙa kamar abokan arziki, da ɗan kuɗi a ciki. Kuɗin ya shiga hannun uwa ko mata, ya zama na dangi, doka ba ta da ta cewa. Amma ita ce za ta zauna ta raba: nawa na hayar ɗaki, nawa na makarantar yara, nawa na wanda ke tsibiri. Mu da muka san wahalar kai wa ɗan uwa tuwo gidan kaso kullum, ba sai an yi mana dogon bayanin nauyin wannan rabo ba.

Akwai kuma batun harshe, wanda a matsayinmu na masu nazarinsa ba za mu ƙetare ba. Ɗan kaso na rukunin ƙasa, wato rukunin D, wasiƙa guda yake aikawa, guda yake karɓa, cikin wata 6, kalmominta kada su wuce 500. Ziyara ma guda ce cikin wata 6, ta minti 30, bayan tafiyar kilomita kusan 1400 ga mai fitowa daga Johanesbag. A shekarun farko Ingilishi ko Afirkans kaɗai aka yarda a yi magana da su wurin ziyarar, kuma zancen gida kaɗai. Tsohuwar da Kosanci ko Zulanci kaɗai take ji, da wane baki za ta tambayi ɗanta ko kuɗin da ta aiko sun iso? Gidan da ke da mai ilimin boko ya fi sauƙin bin sawun takardu, da sayen littafi, da rubuta wa jami'a. Littafin kuwa sai ya bi ta hannun mai tacewa, wanda kan riƙe shi har lokacin miƙa aiki ya wuce, ko ya hana shi don kawai kalmar «ja» ta fito cikin sunansa.

Su ƴan kason ba su bi dokar hana aro ba. Wanda ya yi rajista yakan koyar da wanda bai yi ba, wurin fasar farar ƙasa ko cikin ɗaki da dare. Neville Alexander, wanda ya zo da doktora daga Jami'ar Tubingen ta Jamus, ya yi shekara 10 a can, daga 1964 zuwa 1974, yana karantar da tarihi. Bayan fitarsa ya zama jigo cikin nazarin manufar harsuna ta ƙasarsa. Ahmed Kathrada ya fito da digiri 4. Ta haka kuɗin da gida guda ya tara da gumi ya ilimantar da ƴaƴan gidajen da ba su san shi ba.

Hukuma ta san darajar abin, shi ya sa ta mai da shi bulala. A 1977 aka tono rubutun tarihin rayuwar Mandela da aka binne cikin lambu, aka hana shi karatu tare da Sisulu da Kathrada har shekara 4. A ƙarshen wannan shekara aka soke wa ƴan siyasa duk karatun da ya wuce sakandare, ba a maido shi ba sai 1980. Mandela, wanda ya soma karatun lauya a Jami'ar Wits a 1943, bai samu digirin ba sai 1989, daga Unisa, yana gidan kason Victor Verster, da shekara 70 a duniya.