Kambin Sarauta: Daga Fada Zuwa Dandalin Nunin Tufafi

'Yan'uwa mazauna zango, duk wanda ya daɗe a ƙasar Yarabawa ya san abin da suke kira ade, wato kambin nan mai tsini da ake yi wa ado da ƙananan duwatsu masu launi, ga siffar tsuntsaye a jikinsa, ga igiyoyin duwatsu sun sauko sun rufe fuskar sarki. A wajensu ba hula ba ce kawai. Shaida ce ta cewa sarautar mai shi ta samo tushe daga Oduduwa na Ile-Ife.

Don a san nauyinsa, a 1903 rigima ta tashi a ƙasar Remo, saboda Elepe ya sa kambi, Akarigbo kuwa ya ce bai isa ba. Sai Gwamnan Ikko, William MacGregor, ya gayyato Oni na Ife, Olubuse na Ɗaya, ya zo ya raba gardama. Oni bai saba barin garinsa ba, amma ya taso takanas har Ikko, ya ce Elepe ba shi da ikon sa kambi. Ko Olubadan na Badun, duk da girman garinsa, sai a 1976 ya sami izinin sa irin wannan kambi. Haka kuma a 2017, da Gwamna Ajimobi ya ba hakimai 21 kambi a Badun, sai da magana ta kai gaban kotu.

To, a ƙasashen Turai labarin ya sha bamban. Can masu zanen tufafi sun mai da kambin sarakunan da abin yayi. Akwai doguwar hular nan shuɗiya ta Nefertiti, matar Fir'auna Akhenaten na Masar, wadda Jamusawa suka tono gunkinta a Amarna a 1912, aka kai shi Balin. A 2004 John Galliano na kamfanin Dior ya kwaikwayi irin waɗannan huluna na fir'aunoni, ya ɗora wa 'yan matan da ke tallata kayansa a Faris. A 2013 kuma kamfanin Dolce & Gabbana ya fito da 'yan mata a Milan ɗauke da kambuna masu ruwan zinari irin na sarakunan Rumawan gabas, ya ɗauko salon daga zanen bangon majami'ar Monreale ta Sisili.

Me ya sa ba wanda ya kai su ƙara? Dalili kuwa shi ne, masu waɗancan kambuna sun shuɗe tun ɗaruruwan shekaru, daulolinsu sun rushe, ba magajin da zai ce an taɓa masa gado. Namu kuwa na nan da ransu. A Kano, rawani mai kunne biyu na Sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta. Ko a nan zango, kowa ya san rawanin Sarkin Hausawa naɗa shi ake yi a gaban jama'a, ba a kasuwa ake sayo darajarsa ba.

Yayin nan dai ya iso mu. Amare na sa kambi ranar biki, matasanmu masu ɗinki da masu sayar da duwatsun ado kuma suna ganin hotuna a waya suna kwaikwayo. Neman halak ba laifi ba ne, kuma kama da wane ba ta wane. Amma wanda ya ɗinka ade mai rufe fuska ya ɗora wa yarinya don talla, ya taɓa martabar masu masaukinmu, abin da iyayenmu suka yi shekara da shekaru suna kiyayewa. Mu ma ai ba za mu ji daɗi ba in muka ga rawani mai kunne biyu a kan ɗan rawa.

Saboda haka kafin a yanka ƙyalle, a tambayi dattawa, namu da nasu. Allah Ya bar zumunci, Ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabta, amin.