Makarantar da Kuɗin Fawa Suka Gina a Shikago

A shekarar 1890 wani limamin coci mai suna Frank Gunsaulus ya yi wa'azi a kudancin birnin Shikago na Amurka. Ya ce da zai sami dala miliyan ɗaya, da ya gina makarantar da za ta koya wa matasa fasaha da aikin hannu, ba tare da an tambayi ɗan wane ne ba. Cikin masu sauraro akwai Philip Danforth Armour, ɗaya daga cikin manyan attajiran fawa na ƙasar. Da aka tashi sai ya tare limamin, ya ce ya ji ya ɗauka, amma da sharaɗi: shi ma limamin ya ba da shekara biyar yana riƙe da makarantar.

Armour ɗan manoma ne, an haife shi a 1832 a Stockbridge ta jihar New York. A 1852 ya bi ayarin masu neman zinariya zuwa Kalifoniya, sai dai arzikinsa bai fito daga rami ba. Ya lura masu haƙa ba su da abin da suke bukata kamar ruwan wanke ƙasa, sai ya koma gina musu magudanai. Da wannan jarin ya sauka Milwaukee, inda a 1863 ya haɗa gwiwa da John Plankinton a harkar gishirta nama. Dab da ƙarshen yaƙin basasar Amurka ya hango farashi zai karye. Ya ƙulla cinikin naman alade a kan kusan dala 40 kowace ganga, ya bari sai da kasuwa ta faɗi zuwa wajen dala 18 sannan ya sayo ya cika alkawari. Wayo ne ko caca, mai karatu ya yanke.

A 1867 shi da 'yan'uwansa suka kafa Armour & Company a Shikago, garin da ke da Union Stock Yards, wato kara mai girman gari guda. Can aka mayar da fawa aikin masana'anta: kowane ma'aikaci da yankansa guda, gangar jikin dabba na wucewa a rataye. Taragun jirgin ƙasa masu ƙanƙara, waɗanda abokin gasarsa Gustavus Swift ya riga shi cin moriyarsu, suka riƙa kai ɗanyen nama biranen gabas. Abin da mahauta suka saba zubarwa kuwa, Armour ya mai da shi kuɗi. Kitse ya zama sabulu, kofato da ƙashi suka zama gam da maɓallai, jini ya zama taki.

Ba za a ɓoye ɗaya gefen ba. Masu fiɗa da masu dako a kwatar nan albashinsu kaɗan ne, aikin ga sanyi ga haɗari, kuma Armour bai yarda da ƙungiyar ƙwadago ba. A 1886 yana cikin masu kamfanonin da suka murƙushe yajin aikin neman tsayar da aiki a awa 8 a rana. Kuɗin makarantar da gumin waɗannan mutane a ciki.

Alherin nasa ya faro ne daga wasiyyar ƙanensa Joseph, wanda ya rasu a 1881 ya bar dala 100,000 don yaran unguwa. Armour ya ƙara nasa, aka buɗe Armour Mission a 1886. Kusa da ita aka buɗe Armour Institute a 1893, Gunsaulus na shugabanta, ana koyar da injiniyanci, ilimin sinadarai, zanen gine-gine da aikin laburare. Limamin da aka roƙa shekara biyar ya riƙe ta kusan har rasuwarsa a 1921. Armour kuwa ya rasu tun a Janairun 1901.

A 1938 makarantar ta ɗauko Mies van der Rohe daga Jamus ya jagoranci sashen zanen gine-gine, shi ne kuma ya tsara sabuwar harabarta. A 1940 ta haɗe da Lewis Institute, aka sami Illinois Institute of Technology. Cikin ɗalibanta akwai Martin Cooper, wanda ya yi kiran farko da wayar hannu a 1973.

Kamfanin ya rufe mayankarsa ta Shikago a 1959, karar ma ta tashi a 1971. Jami'ar tana nan, kuma har yau tsangayarta ta injiniyanci sunan Armour take amsawa.