Lambar Victoria Cross

Victoria Cross ita ce lambar yabo mafi daraja da Birtaniya ke bai wa sojanta saboda jaruntaka a fagen fama. Sarauniya Biktoriya ce ta kafa ta ranar 29 ga Janairu 1856, ana gab da gama Yaƙin Kirimiya. Kafin nan lambobin girma a rabe suke bisa muƙami, na hafsoshi daban, na ƙananan sojoji daban. Dokar sabuwar lambar ta ce ba a duba muƙami ko daɗewa a aiki ko raunin da mutum ya ji, sai dai abin da ya aikata a gaban abokan gaba. An fara raba ta ranar 26 ga Yuni 1857 a Landan, inda sarauniyar ta maƙala wa mutum 62 da hannunta.

Lambar ƙarama ce, ta tagulla, mai siffar gicciye. A fuskarta akwai zaki tsaye bisa kambin sarauta, a ƙarƙashinsa kuma rubutu mai nufin "domin jaruntaka". A bayanta ake zana ranar da aka yi bajintar, sunan mai ita da rundunarsa kuwa suna bayan ɗan ƙarfen da ke riƙe da jan ƙyallenta. Kamfanin Hancocks na Landan ne ke ƙera ta tun farko har yau. An daɗe ana cewa daga igwar Rasha da aka ƙwace a Sebastopol lokacin Yaƙin Kirimiya ake yanko tagullar, amma binciken baya-bayan nan ya nuna cewa wadda ake amfani da ita tun 1914 ta wasu igwogi ce ƙirar Sin.

An bayar da ita sau 1,358 ga mutum 1,355, domin mutum uku sun samu sau biyu: likitocin soja Arthur Martin-Leake da Noel Chavasse, sai Charles Upham ɗan Niyu Zilan. Yaƙin Duniya na Ɗaya kaɗai ya ɗauki 628, na Biyu kuma 182. Da yawa daga cikin masu ita ba su rayu sun gan ta ba, iyalansu ne suka karɓa.

Sau ɗaya lambar ta shafi tarihin ƙasar Hausa kai tsaye. Bayan Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, rundunar Kanawa da ta raka Sarkin Kano Alu Babba Sakkwato ta juyo gida. A ƙarshen watan, kusa da Kwatarkwashi ta Jihar Zamfara a yanzu, wani ɓangarenta a ƙarƙashin Waziri Ahmadu ya yi kiciɓis da ayarin Laftanar Wallace Wright. Takardar yabon da gwamnatin Birtaniya ta buga ta ce Wright da hafsa ɗaya da soja 44 sun tare mahaya 1,000 da dakaru 2,000 har tsawon awa biyu. Lissafin na Turawa ne, kuma takardar ba ta tsaya kan abin da ya raba gardama ba, wato bindigar zamani a gefe guda, takobi da mashi da kibiya a ɗaya gefen. Waziri Ahmadu ya rasu a wannan karo tare da mutanensa masu yawa, waɗanda suka yi ta sukuwa cikin ruwan harsashi suna sane da abin da ke gabansu. Wright ya samu Victoria Cross. Sojoji 44 ɗin nan baƙaƙen fata ne na rundunar Arewacin Nijeriya, su ne suka riƙe sahu, amma takardar adadinsu kawai ta ambata.

Wannan giɓi na rashin karrama sojojin Afirka ya daɗe. Baƙar fata na farko da ya samu lambar shi ne William Hall, sojan ruwa ɗan Kanada, saboda abin da ya yi a Lakno ta Indiya a 1857. Samuel Hodge da William Gordon, 'yan tsibiran Karebiyan, sun same ta a yaƙe-yaƙen Gambiya a 1866 da 1892. Sojojin Indiya sai a 1911 aka buɗe musu ƙofa, Khudadad Khan ya zama na farkonsu a 1914. Amma a cikin dubban 'yan Afirka ta Yamma da suka yi wa Birtaniya yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka da Habasha da Bama, waɗanda da Hausa ake ba yawancinsu umarni, babu ko ɗaya da aka bai wa, kuma da wuya a ce rashin jarumai ne ya jawo. Su ana ba su lambobin da ke ƙasa da ita ne, irin su DCM da MM. Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas, wato Gana ta yau, wanda ake ɗauka shi ne sojan Birtaniya na farko da ya yi harbi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo cikin Agustan 1914, ya samu duka biyun.